Labulen Doguwa

Jikana Adilu, wanda yake tuƙa tasi a nan unguwar Hindawiyya ta Makka, shi ya ja ni ga wannan magana. Ran nan ya zo da abokansa biyu suna shan shayi a ƙofar ɗakina, sai na jiyo shi yana ba su labarina da Hausar nan tasa da ta sha Larabci har ta ƙoshi.

"Sidi ai shugulinsa sahal ne marra," in ji shi, wai aikina ni kakansa mai sauƙi ne ƙwarai. "Magariba ya kunna fitila, asuba ya kashe, halas. Sauran yini kamun kifi."

Suka kwashe da dariya. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Yaron da in motarsa ta yi tari sau biyu sai ya ruga wurin makanike, shi ne yake auna mini sana'a. Na ce su matso da tabarmarsu ciki, su ji yadda ake kunna fitilar, su kuma ji abin da ya sa shekara da shekaru ba na son ganin farin labule a taga.

Fanar ake ce wa abin. Hasumiya ce ta ƙarfe mai fitila a kai, an kafa ta a tsakiyar teku, tafiyar rabin yini daga Jidda in iska ta yi kyau. Tekun nan cike yake da sha'abu, wato duwatsun da suke kwance dab da saman ruwa, masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Da rana matuƙi yana gane su da launin ruwa. Da dare kuwa ba shi da ido sai namu. An ce tun zamanin Turkawa aka kawo ƙarafanta guntu-guntu aka ɗaure a kan dutsen. Larabawa suna da sunan da suke kiranta, mu dai Doguwa muke ce mata. A gindinta akwai ɗan tsibirin yashi da bai kai filin ƙwallo ba, da ɗakuna biyu, da tankin ruwan sha, da rumbun kananzir.

Ni ba a bakin ruwa aka haife ni ba. Daga ƙasar Kano na taso da ƙafa ina saurayi, na yi shekara huɗu a hanya, na tsinci auduga a Sudan har bayana ya kusa karyewa. Da na isa Sawakin, tashar bakin teku ta Sudan, ba ni da takarda, ba ni da halin babban jirgi, sai na shiga sambuki, jirgin katako mai filafilai, irin wanda yake satar hanya da Takari, wato mutanenmu masu zuwa Hajji daga ƙasar Hausa. Ba ya zuwa tashar Jidda. Cikin duhu yake lallaɓawa ya sauke mutane a wata gaɓa da ba kowa, inda abokin matuƙin yake jira da fitila ɗaya a kan sanda. Fitilar nan ba ta motsi, ba ta ƙiftawa. In matuƙi ya gan ta, sai ya miƙe kanta kai tsaye, don ya san nan ne ruwa mai lafiya. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kanta.

Na sauke farali a shekarar, na koma Jidda ina dako a tasha. A can Baba Ɗanjuma ya gan ni. Bakatsine ne, siriri, mai ƙaramin gemu, ya koyi aikin fitila a jirgin ƙasa na Sudan, shi ne kuma babba a Doguwa. Ya tsaya yana kallona na sauko daga jirgi da garwa biyu ta kananzir a kan katako mai lilo, ko ɗigo bai zuba ba.

"Kai, ɗan ina ne?"

"Kano, Baba."

"Kana amai a ruwa?"

"A'a."

"Kana da nauyin barci?"

Na ce ba ni da shi. Ranar ban san ƙarya na yi ba.

Aikina na farko hawa ne. Matakala ɗari da goma sha biyu, a murɗe kamar dodon koɗi, garwa a kowane hannu, sau shida kafin rana ta yi zafi. Wata uku ina wannan, Baba bai bar ni na taɓa ko ashana ba. In na kai sama sai in tsaya daga bakin ƙofa ina leƙen abin da ke ciki. Ɗaki ne na tagogin gilashi zagaye, a tsakiyarsa akwai wani ƙaton kwandon gilashi da ya fi ni tsayi, an jera shi zobe-zobe a cikin tagulla. Fitilar tana cikin kwandon. Ita kanta ba ta wuce tulu ba, kwandon ne yake tattara haskenta ya harba shi nesa.

Bayan wata uku ya ba ni fata mai laushi da kwalbar sibirtu, wani ruwa mai saurin bushewa da kama wuta, ya ce in goge zobe ɗaya. Na goge, na ga fuskata a ciki, na ji daɗi. Ya zo ya hura masa numfashi, sai ga shatin babban yatsana ya fito ɓaro-ɓaro.

"Wannan yatsan naka," ya ce, "wani matuƙi zai gan shi daga nesa, a matsayin duhu. Sake."

Na sake sau biyar. A ranar na gane gishirin teku ba ya hutu. Ka goge yau, gobe ka tarar ya yi fari kamar ba a taɓa ba.

Kunna ta kuwa, wanda Adilu ya raina, tun la'asar ake fara shiri. Ka tace kananzir da ƙyalle sau biyu. Ka buga famfo har allura ta kai inda Baba ya yi mata zane da wuƙa. Ka dumama bututu da sibirtu har ya yi zafin da kananzir zai zama tururi. Sannan ka ɗora 'yar rigar fitilar, wata raga ce fara, in ta ƙone sau ɗaya ko atishawa ka yi kusa da ita sai ta zama toka. In ka yi gaggawa bututu bai yi zafi ba, ɗanyen kananzir ya fito, wuta ta tashi ja, kunkunniya ta rufe kwandon, aikin kwana biyu ya same ka.

Sai juyi. Kwandon ba a tsaye yake ba, zagayawa yake yi. Akwai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin mutum biyu, an rataye shi da igiya a tsakiyar hasumiyar, yana sauka a hankali yana jan inji irin na agogo. Duk bayan awa biyu sai ka wana shi ya koma sama. Juyin nan shi yake sa mai kallo daga teku ya ga walƙiya biyu, sannan duhu, walƙiya biyu, sannan duhu. Kowace fanar da irin nata ƙiftawar, da shi ake sanin wacece. Baba bai yarda da agogon ofis ba, da istigfari yake auna ta. Zagaye ɗaya, istigfari goma sha biyu, ba sauri ba ja.

"In ta mutu gaba ɗaya, matuƙi zai ji tsoro ya tsaya," ya kan ce. "In ta tsaya tana ci ba ta juyi, zai zata wani abu ce daban. Gara ta mutu da ta tsaya."

Masu cin amfanin aikinmu ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Manyan jiragen alhazai daga Hindiya da Jawa da Masar, jiragen gawayi, jiragen shinkafa, duk daga nesa suke wucewa. Wani ya busa mana ƙaho sau ɗaya, yawanci ko wannan babu. In ba ka ji labarin kowa ba, to aikinka ya yi kyau.

Doka ta ƙarshe ita ce ta labule, ita ce kuma na fi rainawa. Da an kashe fitila da asuba, sai a rataya farin labule a jikin tagogin, falle biyu na alawayyo mai kauri, ɗaya ya rufe gabas, ɗaya ya rufe yamma, da zobban ƙarfe a bakinsu. Na ɗauka don ƙura ne. Wata safiya Baba ya ɗage gefen na gabas kaɗan, ya miƙa tsinken kaba cikin kwandon, daidai mazaunin fitila. Kafin in ƙifta ido tsinken ya kama da wuta. Na ja da baya har na bugi ƙarfe.

"Abin da yake fitar da haske da dare, shi yake shigo da rana da yini," ya ce. "Ka gani da idonka. Kada in sake faɗa."

Shekara tara muna tare bai sake faɗa ba.

Yanzu sai ku san wani abu game da Baba. Hajji ya fito yi, kamar kowa. Sambukinsu ya rasa iska, suka iso kwana biyu bayan Arfa. Ya kama aikin fanar don ya jira baɗi. To mu uku ne a Doguwa, kuma mutum ɗaya kaɗai ake bari ya sauka lokacin aikin Hajji. Kowace shekara sai ya dube mu ya ce wane ya tafi, shi sai baɗi. Gaskiyar magana bai yarda ya bar wa kowa ita ba. Haka ya yi shekara goma sha tara yana haska wa alhazan duniya hanya, shi bai taka Arfa ba. Haraminsa yana ƙasan akwati, a naɗe, tun daga Katsina.

Shekarar da nake nufi, ba a daɗe da gama babban yaƙin Turawa ba. Yadi ya yi wuya a ƙasar nan har mutane suna ɗinka riga da buhun sukari. Kayan ajiyarmu duk sun ƙare, ba a aiko da wasu ba. Na ukunmu, wani Bayamane, ciwo ya kama shi tun watan Shawwal aka kai shi gari, ba a turo madadinsa ba. Idon Baba kuma ya fara yin hazo, da hannu yake laluben allurar famfo. Na zaunar da shi na ce bana kam sai ya tafi.

"Kai kaɗai? Kwana shida?"

"Baba, ranar Arfa wa yake cikin teku? Duk mai zuwa ya zo. Jiragen suna tasha a ɗaure. Ko kyandir na kunna ya isa."

Ni na faɗi wannan da bakina, ni da na shigo ƙasar nan a sambuki. Na nace har ya yarda.

Ran bakwai ga wata da sassafe jirgin da yake kawo mana ruwa da abinci ya iso. Baba ya yi wanka, ya buɗe akwati, ya ɗago haramin. Sai zanen ya rabu a hannunsa. Gishiri da kyankyaso sun cinye shi a kan kowane ninki, ya zama tsumma-tsumma, ko rabin jiki ba zai rufe ba. Ya tsaya yana kallonsa. Wani malami ya taɓa gaya masa cewa wanda gidansa yake kusa da Makka haka, a ƙofar gidansa yake ɗaura harami ya yi niyya, Baba kuma bai san wani gida ba sai Doguwa. Ko da zai yarda ya saya a Jidda, a shekarar ina zai samu ana saura kwana biyu Arfa?

Matuƙin jirgin yana ta ihu daga ƙasa: "Yalla ya Haj! Iska za ta juya!"

Baba ya mayar da tsumman cikin akwati a hankali. "Ka ce masa ya tafi, Isiyaku. Allah bai nufa ba."

Na ce ya ba ni minti biyar. Na hau matakalar nan da gudu, na sauke fallen yamma, na yanke bakinsa mai zobba da wuƙa, na tsaga shi biyu. Fari ne, mai tsabta, ba ɗinki a jikinsa, ni na wanke shi da hannuna makon da ya wuce. Na sauko na ce wani alhaji Bahindiye ne ya ba ni a tasha tun bara, na ajiye na manta. Ya shafa shi, ya ce yana da kauri. Na ce irin nasu ke nan. Ya ɗaura, ya yi niyya a bakin ƙofa. Jirgin ya nufi gabas da shi, ina ganinsa yana waiwaye, abin da yake hangowa kuwa fallen gabas ne a rataye lafiya lau.

Lissafina mai sauƙi ne. Da safe falle ɗayan ya tsare gabas, da azahar in hau in mayar da shi yamma. Da na so da na rataya tabarma ko buhu a gurbin, amma na raina abin. Me zai hana ni hawa da azahar? Ranar farko na yi. Rana ta biyu na yi. Sai dai dare biyu ke nan ban runtsa ba, don ba wanda zai karɓe ni, duk awa biyu ina wana ƙarfe. Rana ta uku ita ce Arfa, na tashi da azumi kamar yadda duk wanda bai je ba yake yi. Na yi sallar azahar a inuwar rumbu, na ce bari in jingina kaɗan kafin in hau.

Wari ne ya tashe ni. Na buɗe ido na ga inuwar hasumiya ta yi tsawo ta faɗa cikin ruwa, rana ta sauko tana kallon tagogin yamma ido da ido. Baƙin hayaƙi yana fita ta saman Doguwa. Ina kan matakala na ji wata ƙara kamar an harba igwa, hasumiyar duka ta girgiza. Igiyar ce ta ƙone, dunƙulen ƙarfen ya faɗo ya wuce ni ya fasa daɓen ƙasa. Da na kai sama na tarar rana ta narkar da dalmar bututu, kananzir ya tsiyayo ya kama. Na kashe da yashin bokiti da rigata da tafin hannuna. Da wutar ta mutu na tsaya ina kallon ɓarnar. Fitila ta narke, zobe uku sun tsage, kwandon ya yi baƙi ƙirin, fatar hannuna ta saɓule. Rana kuma saura kaɗan ta faɗi.

Akwai fitilar ajiya mai lagwani, haskenta bai kai rabin rabin na babbar ba. Na goge abin da zan iya gogewa da bayan hannu, na sa ta a ciki, na kunna. Na sha ruwa a tsaye. Sannan na sa kafaɗa na fara tura kwandon, ina zagayawa da shi kamar raƙumin matsar mai, istigfari goma sha biyu, zagaye ɗaya. Na yi isha'i, na wuce. Ban san zagaye nawa na yi ba. Can dare ya raba, ƙafafuna suka ƙi, jiri ya ɗebe ni. Na leƙa teku, baƙi ƙirin, ba ko ɗigon haske. Na ce a raina yau daren Muzdalifa ne, duniya duka tana can. Na zauna a ƙasa na jingina da tagulla. Ban kashe fitilar ba. Na bar ta tana ci, a tsaye.

Ban san ko minti goma ba ne ko awa. Abin da na ji shi ne ƙarar katako yana dagargajewa a kan dutse, kusa ƙwarai. Sai kuma murya, ta mace, daga cikin duhun tekun:

"Wayyo Allah! Wayyo ɗana! Jama'a ku taimaka!"

Da Hausa. Shekara tara ina kan dutsen nan ban taɓa jin Hausa ta fito daga ruwa ba. Sai wata murya ta namiji ta ɗauki kalmar shahada, wasu suka amsa.

Sambuki ne daga Sawakin, cike da mutanenmu. Iska ta yaudare su kwana tara, Arfa ta wuce su suna kan ruwa, ruwan shansu ya ƙare. Matuƙin yana ta neman walƙiya biyu don ya kauce wa sha'abu, bai gani ba. Sai ya hango ƙaramar fitila ɗaya, ba ta motsi, ba ta ƙiftawa. Ya ce alhamdu lillahi, ga abokinsa a gaɓa. Ya miƙe kanta kai tsaye.

Muna da ɗan kwalekwale. Na tura shi, ina tuƙi da hannuwan da ba fata, gishiri yana shiga. Waɗanda suka faɗa kan dutse sun tsaya ruwa iya ƙirji, ƙafafunsu a yayyanke, na riƙa kwaso su uku-uku. Waɗanda suka faɗa ta ɓangaren zurfi, sai da gari ya waye ruwa ya kawo wasu. Safiyar Babbar Sallah ke nan. Mutum tara muka jera a kan yashi. Maza shida suna cikin haraminsu, a ciki muka binne su. Mata biyu da yaro ɗaya ba su da abin rufi. Na hau na sauko da fallen gabas, muka raba shi uku.

Uwar yaron, wata Bazazzagiya, ita ce mai muryar. Da muka gama ta zo ta durƙusa a gabana, ta ga hannuwana, ta fashe da kuka.

"Malam, Allah ya saka maka. Ba don fitilarka ba, da ba wanda zai san inda muka mutu."

Har yau ban gaya mata gaskiyar ba, ban kuma san inda take ba.

Ran goma sha uku jirgin ruwan sha ya dawo da Baba. Na hango shi a tsaye a gaban jirgin, kansa a aske, da ƙunshi a hammata. Na yi zaton zan ga murna, sai na ga tun daga nesa sama yake kallo, inda na rataya tabarmi a tagogi. Ya sauko, ya ga baƙin mutane a inuwar rumbu, ya ga tudun yashi tara. Ya hau, na bi shi. Ya shafa zobban da suka tsage ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kwance ƙunshin, ya ɗaga zanen ya kara a jikin tagar yamma. Tsawonsa ya zo daidai.

"Baba," na ce, "ni ne. Na yi maka ƙarya."

"Na sani tun a Arfa." Muryarsa ba faɗa a ciki. "Da rana ta take na yi gumi, sai zanen ya fara wari. Shekara goma sha tara ina shaƙar warin nan, ko a kabari zan gane shi. Na kai shi kusa da ido na ga tsatsar zobe a gefe. Isiyaku, mutane suna kuka suna roƙon Allah, ni rana nake kallo tana gangarawa yamma. Ban yi addu'a ko ɗaya ba. Ina ta cewa a raina, ya juya labulen, bai juya ba."

Mutanen jirgin suka kwashe waɗanda suka tsira. Bayan kwana biyu aka turo mai dubawa daga ofis da makaniki. Ya ƙirga zobe uku, fitila ɗaya, igiya ɗaya, labule biyu. Ya tambayi tudun yashin, aka gaya masa, ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, amma bai rubuta ba, don ba su da takarda, ba ta inda suka shigo. Abin ya girgiza ni fiye da wutar. Baba ya ce shi ne babba, shi ya bar aiki a hannun mutum ɗaya, laifin nasa ne. Na yi tsalle zan yi magana, ya daka mini tsawa irin wadda bai taɓa yi ba. Aka sallame shi, aka bar ni, don ba wani da ya san fitilar.

Kafin ya tafi ya zauna ya haɗe zanen nan biyu da allura, yana laluben ɗinkin da yatsa, ya mayar da zobban, ya rataya shi da kansa. Al'ada ce alhaji ya wanke haraminsa da Zamzam ya ajiye don likkafani. Shi ya ce na Doguwa ne, a mayar mata da kayanta.

Na yi shekara takwas bayan haka. Ban sake barcin rana ba, har yau ba na yi. Daga baya aka kawo fitilar gas mai kunna kanta da kashe kanta, aka cire kwandon, aka ce ba a bukatar mutum. Na sauke labulen na taho da shi Makka. Na tarar da Baba a nan Hindawiyya, ya makance, yana sayar da goro da asuwaki a bakin masallaci. Na kai shi wurin malamai har uku, duk suka ce Hajjinsa ya yi, ba abin da ya taɓa shi. Ya yi musu godiya. Amma har ya koma ga Allah, duk wanda ya ce masa Alhaji, sai ya ce, "Ɗanjuma dai." Arfa tana nan kusa da mu, motoci suna zuwa kowace shekara, na roƙe shi ya sake, bai sake ba.

Da na kai nan shayin yaran ya huce, ba wanda ya taɓa kofinsa. Na sa Adilu ya jawo akwatin ƙarƙashin gado. Ya buɗe, ya ɗago zanen, ya ga ɗinkin Baba a karkace a tsakiya, da ɗigon tsatsa a jere a gefe. Ya kai hancinsa.

"Ya Sidi," ya ce a hankali, "wallahi har yanzu yana wari."

Na ce ya ninke shi yadda ya same shi, ya kuma riƙe inda yake, don ranar da na mutu shi za su ɗauko.

"Haba Sidi, ga sabon yadi cike da kasuwa. Wannan ai ya tsufa."

"Na sani," na ce. "A wannan za ku sa ni."